Nauyi a kan ginshiƙi

A ƙasar Tasawa da ta Mayahi, cikin jihar Maraɗi, ana kafa rumfa da itace, har da na goriba irin wadda ke fitowa a Gulbin Kaba. Bayan kaka sai a jibga mata dammunan hatsi da harawa. Wata rumfa takan daɗe, wata kuwa ginshiƙinta ya lanƙwashe ta faɗi, ko da kayansu ɗaya ne. Sau da yawa dalili shi ne wurin da nauyi ya sauka a kan ginshiƙin.

Ga ginshiƙin katako mai kusurwa huɗu, kowane gefe santimetir 12. A raba kansa gida-gida, kowane gida santimetir 1 tsawo da faɗi:

12 x 12 = gida 144

An aza masa kilo 720 daidai tsakiya. Kowane gida yana ɗauke da:

720 : 144 = kilo 5

Wannan shi ake kira matsi. In nauyi ya goce daga tsakiya, gefen da ya nufa yakan sami ƙarin matsi, ɗayan gefen kuma ya sami ragi daidai da ƙarin. Ga yadda ake gano ƙarin:

matsi x 6 x gocewa : faɗin ginshiƙi

Gocewar santimetir 1: 5 x 6 x 1 : 12 = 2,5. Gefe ɗaya 7,5, ɗayan 2,5.

Gocewar santimetir 2: ƙari 5. Gefe ɗaya 10, ɗayan 0. Matsi ya ninka, alhali ba a ƙara ko dami ɗaya ba.

Gocewar santimetir 3: ƙari 7,5. Gefe ɗaya 12,5. Ɗayan gefen ya bar matsuwa, janye shi ake yi. Itace yana jure ja. Ginin laka ba ya jurewa, nan yake tsagewa.

A riƙe: a raba faɗin ginshiƙi kashi uku, nauyi ya sauka cikin kashin tsakiya.

Tambayoyi

1. Mene ne matsi?
2. Don me ginshiƙin laka ke tsagewa a gefen da ke nesa da nauyi?
3. Ginshiƙin laka mai kusurwa huɗu yana da faɗin santimetir 60. Santimetir nawa nauyi zai iya gocewa kafin matsin gefe ɗaya ya zama 0?