Darasi: Cin bashi domin karatun ilimin siyasa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa, darasinmu na wannan karo ya shafi ɗalibin da yake son karanta ilimin siyasa a jami'a, ba shi da halin biya, sai aka ce masa ya ci bashi. Shin ya ci, ko ya haƙura?

Mu fara da cewa ilimin siyasa abu ne mai daraja, domin shi ne sanin yadda ake tafiyar da mulki da tsare haƙƙin talakawa. Imam Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya wallafa Al-Ahkamus Sulɗaniyya a kansa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya wallafa Usulus Siyasa. Sai dai wannan karatu ba ya kai mutum ga sana'a guda ayyananniya kamar likitanci. Wani ya zama malamin makaranta, wani ɗan jarida, wani ma'aikacin gwamnati ko na ƙungiya, wani kuma sai ya ƙara wani karatun kafin ya sami aiki.

Amurka na cikin ƙasashen da wannan matsala ta yi tsanani. A 2024 mutane sama da miliyan 40 ne gwamnatin ƙasar take bi bashin karatu, jimillarsa ta kai dalar Amurka biliyan 1,600. Ruwan da aka ɗora wa bashin digirin farko na shekarar karatu ta 2024-2025 shi ne 6.53 cikin ɗari. Wanda ya ci dalar Amurka 30,000 a kan haka, zai biya cikin shekara 10, to kowane wata zai ba da kimanin 340, a ƙarshe ya biya kusan 41,000. Masu ba ɗalibai shawara a can suna cewa kada jimillar bashi ta wuce albashin shekarar farko ta aiki.

Yanzu mu dubi ɗanmu da zai tashi daga Maraɗi ko Damagaram. Baƙo ba ya samun bashin gwamnatin Amurka, sai na kamfanoni, wanda galibi ruwansa ya fi yawa. Dalar Amurka 340 ta kai kimanin jika 200 na sefa, alhali mafi ƙanƙantar albashi da doka ta ƙayyade a Nijar a 2024 jika 42 ne. Wanda ya ci bashi da kuɗin waje, ya dawo gida yana amsar albashi da sefa, da me zai biya? Da yawa wannan ne yake hana su dawowa.

Ba kowane bashin karatu ne yake haka ba. A Najeriya dokar 2024 ta tanadi bashin ɗalibai marar ruwa ta hannun asusun NELFUND: ana fara biya shekara 2 bayan gama bautar ƙasa, ana cire 10 cikin ɗari na albashi.

To, me shari'a ta ce? Rance marar ƙari halal ne, mai bayarwa yana da lada. Aya ta 282 cikin Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, ta yi umurni a rubuta bashi da ajalinsa, a kafa shaidu. Ayoyin 275 zuwa 279 kuwa sun haramta riba, kuma ƙarin da aka shardanta a kan rance riba ne, ko da karatu aka yi da kuɗin. Ya inganta cewa an kawo wata gawa, Annabi (SAW) bai sallace ta ba saboda bashi, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya.

Saboda haka muke kira ga ɗalibi da mahaifinsa su amsa tambayoyi huɗu kafin a sa hannu:

1. Akwai ruwa a bashin, ko babu?
2. Nawa ne albashin wanda ya fara aiki da wannan takarda? A tambayi waɗanda suka gama bara, kada a yi lissafi da albashin minista.
3. Idan aiki ya yi jinkiri, wa zai biya? Sau da yawa gona ko gidan uba ne jingina.
4. Babu hanya mai sauƙi? Ana karanta shari'a da siyasa a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, akwai kuma neman tallafin karatu.

Mawadata kuma su tuna cewa ranta wa ɗalibi don Allah, da yi masa jinkiri in ya shiga ƙunci, aiki ne da ake tararwa a lahira.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya tsare mu daga nauyin bashi. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.