Lexus a Hanyar Gaya: Abin da Muke Tararwa Idan Mun Buɗe Ta

A 'yan shekarun nan, idan Allah ya buɗa wa mutum a ƙasar Gaya ko Ajingi, ciniki ya yi albarka ko an samu kujera, motar da ido ya fi sauka a kanta ita ce Lexus ES 350. Akwai masu son Marsandi, amma tsadar kayan gyaranta takan sa su ja da baya. Ni aikina lantarkin mota ne da bincike da na'ura, kuma irin waɗannan motoci sukan biyo ta wajenmu, wani lokaci kafin a biya kuɗi, galibi kuwa bayan an biya, an yi addu'a, 'yan uwa sun zo sun taya murna. Abin da zan faɗa ya shafi manyan motocin hawa duka, amma da Lexus zan kafa misali don ita na fi buɗewa.

A ba ta haƙƙinta tukuna. ES 350 ta fara fitowa ne da ƙirar 2007, kuma waɗanda suka fi yawa a hannun mutanenmu su ne na 2007 zuwa 2012, sai na 2013 zuwa sama ga wanda aljihunsa ya fi nauyi. A ƙirar 2007 zuwa 2018, injinta mai silinda shida ne, lita 3.5, ƙarfin doki wajen 270. Shi ne injin da Toyota ta sa wa Avalon da Highlander da Sienna da Camry mai silinda shida, shi ya sa ba a shan wahalar samun kayansa a kasuwar Ƙofar Ruwa. Tayoyin gaba ne ke janta, giyarta a waɗannan shekarun shida ce mai sauya kanta, nauyinta ya ɗan haura kilo 1,600. Daga tsaye takan kai gudun kilomita 100 cikin daƙiƙa bakwai ko kusa da haka. Injin ne mai haƙuri. In ana ba shi baƙin mai na kirki a kan lokaci, ba ya kunyata mai shi. Wanda ya sayi ta farkon shekarun, ya sa a duba masa wani bututun baƙin mai da ke gefen injin, wanda a asali wani sashensa roba ne. Yakan fashe ba sallama, mai ya tsiyaye cikin 'yan mintuna. Akwai na ƙarfe zalla da aka yi don maye gurbinsa, kuma canjin ba wani kuɗi ba ne idan aka kwatanta da sayen injin.

Abin da aka fi yabon motar da shi, wato shiru da laushi, shi ne abin da na fi jin tsoro. An ƙera ta ne don kada na ciki ya ji hanya. An cusa mata abin tare ƙara a ƙofofi da ƙasa, shokozobanta na shanye gargada, sitiyarinta ba nauyi. Wanda ya saba da tsohuwar Golf ko Sharon, jikinsa ne ke gaya masa ya yi gudu: sitiyari na rawa, iska na kuka, ƙofa na kaɗawa. A Lexus babu mai gaya maka. Ka baro Wudil ka miƙa Gaya, gilashi a rufe, sanyi na busawa, ana hira, sai ka duba allo ka ga allura ta wuce 140 alhali kai a ranka 90 kake yi.

To ga lissafin da ba ya sauyawa ko wace mota ce. A gudun 140, kana cin kusan mita 39 kowace daƙiƙa. Kafin ido ya ga akuya, ƙwaƙwalwa ta yanke shawara, ƙafa ta bar totur ta hau birki, ka riga ka shafe wannan tazarar ko fiye. Sannan ƙarfin karo ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, ninkuwa yake yi: motar da ke 140 tana ɗauke da kusan ninki biyu na ƙarfin wadda ke 100, kuma nisan da birki ke bukata haka yake ninkuwa. Taurarin da dillali zai ce maka motar ta samu a gwajin haɗari gaskiya ne, amma a tambayi a wane gudu aka yi gwajin. Hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka tana buga gaban mota da bango ne a gudun kilomita 56, cibiyar kamfanonin inshorarsu kuma a 64. Babu wanda ya yi maka alkawarin komai a 140. Dokarmu ma ta tsayar da motar gida a 100 bisa babbar hanya mai tagwaye, 80 a sauran manyan hanyoyi, 50 a cikin gari. Hanyar da ranar Juma'a ake koro shanu zuwa kasuwar Wudil, ga amalanke, ga ɗan acaɓa da buhu uku yana fitowa daga gona ba ya waiwaye, ko 100 ɗin ma wani wurin ganganci ne.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Da yawa daga motocin da ake kira Beljiyam ko 'yan Kwatano ba daga hannun wata tsohuwa mai lallaɓawa suka fito ba, kamar yadda ake faɗa. Daga filin gwanjon motocin da inshora ta sallama a Amurka suke, waɗanda suka yi haɗari ko ruwa ya ci. Guguwar Harvey kaɗai, da ta afka wa Houston a 2017, ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci. Ana sayen irinsu da araha, a gyara jiki, a yi fenti, a wanke, su fito suna ƙyalli. Mai bugun jiki ya iya aikinsa, ban raina shi ba. Matsalar tana inda ido ba ya kaiwa.

Jakar iska sau ɗaya take aiki. In ta fashe, sai an sa sabuwa, kuma saitin gaba da na gefe da na'urar da ke ba su umarni kuɗi ne masu yawa. Sai a zaɓi hanya mai sauƙi. An taɓa kawo mini wata fara sol, mai ita na ta murna bai fi mako da saye ba, wai ƙaho ne ba ya yi. Da na kwance murfin sitiyari, inda jaka ya kamata ta zauna babu komai sai guntun soso da aka cusa don murfin ya tsaya, an shafe tsagar da gam an fesa baƙin fenti. A bakin wayar kuma an maƙala wani ɗan ƙaramin abu, bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, wanda aikinsa kawai ya yaudari kwamfutar mota ta ɗauka jaka na nan. Na kira shi na ce, "Alhaji, zo ka gani da idonka." Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To ai fitila ba ta kama ba." Na ce, "Ranka ya daɗe, don kada ta kama aka sa wannan."

Akwai gwajin da kowa zai iya yi ba tare da na'ura ba, ko da yake ba ya kama irin waccan dabarar. Ka danna maɓallin tayarwa sau biyu ba tare da taka birki ba. Fitilun allo za su kama gaba ɗaya. Nemi mai hoton mutum zaune da ƙwallo a gabansa. Dole ta kama, ta yi kamar daƙiƙa shida, ta mutu da kanta. In ta zauna a kunne, akwai matsala. In ba ta kama ba sam, an cire ta ko an liƙe ta da baƙin salatif ta ciki, kuma wannan ya fi muni, don da gangan aka yi. Haka za ka duba ta birkin ABS. Sauran sai na'ura da idon wanda ya saba: sabon gam a gefen dashbod, rufin ciki da aka taɓa saukewa, laka busasshiya ƙarƙashin kafet, tsatsa a ƙarfen kujera, kore-kore a bakin wayoyi.

Ko jakar asali ce, da sauran magana. Wani kamfanin Japan mai suna Takata ya yi shekaru yana sayar wa masu ƙera motoci jakunkunan da sinadarin cikinsu ke lalacewa in ya daɗe cikin zafi da laima. Ranar da ya tashi aiki, sai ya tarwatsa gwangwaninsa, ɓaraguzan ƙarfe su yi kan na zaune. An rasa rayuka, aka janye miliyoyin motoci don canji kyauta, kamfanin ya durƙushe a 2017. Jakar gefen mai zaman banza ta ES 350 ƙirar 2007 zuwa 2012 tana cikin waɗanda aka kira, haka Honda Accord da yawa na waɗancan shekarun. Wadda aka fitar daga Amurka kafin a canja mata tana nan da tsohuwar, tana shan ranar Afrilu da laimar Agusta. Lambar jikin mota mai harafi da lamba 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, in aka sa ta a shafin hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka a intanet, zai nuna ko akwai gyaran da ba a yi ba. Kyauta ne, da waya ake yi. In ya nuna ba a canja ba, uwargida ta koma baya har a samu mafita.

Sai bel. A nan laifin ba na dillali ba ne. Rabin motocin da nake shiga, sai in tarar an zagaya da bel ta bayan kujera an maƙala, don ƙarar nan ta daina damun mutum, ko don kada babbar riga ta yamutse kafin a isa wajen ɗaurin aure. Jaka tana fitowa ne da gudun da kan kai kilomita 300, kuma an lissafa ta ne a kan cewa bel ya riƙe ka a kujera har ta gama buɗewa. In babu bel, kai ne za ka tarye ta a hanya da fuska da ƙirji. Yaron da aka ɗora a cinya a kujerar gaba kuwa, shi ne tsakanin uwarsa da jakar. Yara baya ne wurinsu. Tun 1959 Volvo ta fito da bel mai ratsa kafaɗa da ƙugu, tun 2003 jami'an kiyaye haɗurra suka fara tilasta ɗaura shi a Najeriya, kuma bincike ya daɗe da nuna yana rage mutuwar na gaba da kusan rabi. Shi ma yana da abin da ke fizgo shi lokacin karo, mai aiki sau ɗaya. A motar da ta taɓa haɗari, sau da yawa an ɓalle shi ne kawai aka mayar.

Wani abu da ba a ɗauka da muhimmanci shi ne shimfiɗar ƙafa. Muna son mota da tsabta, sai a ɗora kafet kan kafet, a ƙara da roba mai kauri saboda ƙura. A watan Agustan 2009, kusa da San Diego, wani jami'in 'yan sandan hanya da iyalinsa uku suka rasu cikin ES 350, saboda shimfiɗar da ba tata ba ta danne totur ya ƙi dawowa. Wannan ne ya jawo Toyota ta kira motoci kusan miliyan huɗu. Shimfiɗa ɗaya tak a gefen direba, a maƙale da ƙugiyarta. In kuma totur ya taɓa maƙale maka, taka birki da ƙarfi kada ka saki, tura giya zuwa N, ka gangara gefe. Maɓallin kashewa ba ya amsa dannawa ɗaya in mota na tafiya, sai ka riƙe shi daƙiƙa uku.

Taya kuma, a nan ake yin tsimin da ba ya biya. Mutum ya zuba miliyoyi a mota, ya je ya sayo taya ta hannu don zanenta bai cinye ba. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu: in ka ga 2318, an yi ta ne a mako na 23 na 2018. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa shekara huɗu take ba taya daga wannan ranar. Roba na tsufa ko ba a hau ta ba, kuma kwaltar da ta sha ranar bazara ba ta yi mata uzuri. Masu faci kuma sun saba da motocin lodi, sai su ɗura iska 45 ko 50. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba, talatin ne ko talatin da 'yan kai. Iska ta yi yawa, taya ba ta kama ƙasa sosai, birki da na'urar hana zamewa duk sun rasa abin dogaro.

Birkin ABS na rikita waɗanda ba su saba ba. In ka taka da ƙarfi za ka ji feda na bugun tafin ƙafarka, da wata ƙara kamar ana niƙa. Ba lalacewa ba ce, aikinsa ke nan, don taya kada ta kulle ka kasa juya sitiyari. Kada ka ɗaga ƙafa. Amma a sani, a kan yashi da tsakuwa ya fi jan nisa kafin ya tsaya, don haka wanda ya sauka daga kwalta ya nufi ƙauyukan Ajingi, wajen Toranke ko Gafasa, ya rage tun kafin ya bukata.

Kuma motar ba ta burji ba ce. Tsakanin cikinta da ƙasa kimanin santimita 15 ne, in an cika ta da mutane da tsaraba ya ragu. Masu ɗaga ta da ƙarin ƙarfe ko babbar taya suna samun tsawo, amma suna ɓata yadda take riƙe kwana. Da damina, inda ruwa ya yanke hanya, in ya kai rabin taya a haƙura a zagaya ko a jira. In an shiga ta mutu a ciki, kada a sake tayarwa ko sau ɗaya, don ruwan da injin ya shaƙa shi ke lanƙwasa ƙarafan ciki. A turo ta waje, a cire kan batir, a kira makaniki ya kwance fulogi ya fitar da ruwan tukuna.