Kuɗin Lauya: Amsa Ga Wani Ɗan Kasuwa a Unguwar Sabo, Ibadan

Alhaji, ka ce ka biya lauya kan rikicin shagonka da mai gida, amma duk ranar zama sai ya sake miƙo hannu. Ba lallai cuta ba ce. Yawanci kuɗin ɗaukar shari'a daban, na halartar kotu daban, na shigar da takardu kuma kotu ce ke karɓa, ta ba da rasit. Matsalar ita ce ba ku rubuta komai ba.

Ka koma wurinsa yau. Ku zauna, ya rubuta maka jimilla, da yadda za ka biya kashi-kashi, da abin da za ka ba shi in an ɗaga zama. Ɗage-ɗagen nan ne ke cinye jari, don Allah kada ka raina lamarin. Ka tara takardar haya da rasitai a jaka ɗaya kafin ka je.

Da ni ne, sai in fara kai maganar fadar Sarkin Hausawa, ko sashen sulhu na Babbar Kotun Jihar Oyo. Wanda ba shi da hali kuwa, akwai Hukumar Agajin Shari'a da gwamnatin tarayya ta kafa a 1976. Ya je ya tambaya ko shari'arsa na cikin waɗanda suke karɓa kyauta.