Amsoshin Tambayoyinku: Ware Amarya Daga Cikin Hoto

Wata mai sauraronmu daga Zonkwa, ƙaramar hukumar Zangon Kataf, tana tambayar yadda za ta ware amarya daga cikin hoton taron jama'a don katin biki.

To Malama, a Photoshop ki danna Select Subject, wanda ya shigo a 2018. Zai zagaye amaryar da kansa. Sai dai yakan ci bakin gyale da 'yan kunne, don haka ki ƙara girman hoton ki bi gefen sannu a hankali. Nan aikin yake, kada ki yi gaggawa. Bayan kin goge sauran hoton, ki adana na amaryar a PNG, domin JPEG zai cike gurbin da kika goge da fari. Kafin ki kai Kafanchan a buga, ki ɗora shi kan baƙin shafi, duk ragowar datti zai fito fili.