Mudu Ko Sikeli? Shawara Ga Masu Awo A Sabon Tasha

Jama'a, ku matso mu yi shawara a kan awo.

Duk wadda ta saba cefane a kasuwar Sabon Tasha ta san mudu suna ya tara. Akwai wanda ɗan kasuwa ke saye da shi a hannun manoman Kujama da Kachiya, akwai kuma wanda yake auna miki da shi. Wani an buga masa gindi ya shige ciki, wani an rage masa baki. Ko mudun na gaskiya ne sai an yi ciniki biyu, na kuɗi da na cikawa: a yi tozo, a tare da hannu, ko a shafe? Liman ya yi wa'azi kan tauye mudu, fasto ma ya yi, amma wa zai kama mai tauyewa, tun da ba wanda ya san ainihin cikin mudun?

Kilo kuwa ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Giram 1,000 ne a Kaduna, haka a Legas, haka a Faransa inda aka tsiro da tsarin a shekarun 1790.

Kada wani ya ce ba za mu iya komawa kilo ba. Zamanin Janar Yakubu Gowon, a 1972 motoci suka koma hannun dama. A 1973 aka bar lissafin kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, aka kama naira. A 1974 aka kafa dokar awo da ma'auni. Iyayenmu sun yi gunaguni, suka saba. Yau ɗan acaɓa da lita yake shan mai, uwargida da kilo take ɗura gas, buhun siminti kilo 50 ne. Hatsi da gari da manja ne aka bari a hannun kwano da kwalba, alhali su ne abincin talaka.

Wannan gyara ba sai an jira Abuja ba. Ƙungiyar 'yan kasuwa, ko matan da ke adashi tare, su haɗa kuɗi su sayi sikeli ɗaya, a ajiye a bakin layin 'yan hatsi, kowa ya auna kyauta. Mai sayarwa ya rubuta kuɗin kilo a allo.

In kina shakkar sikelin kansa, ga gwaji: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ɗora leda biyu na fiya wata masu rabin lita, ki dubi inda allurar ta tsaya.