Babu kogi a ƙarƙashin Gwallameji

Duk gidan da aka kira mu awon ƙasa kafin haƙa burtsatse a Gwallameji, kusan magana ɗaya muke ji: "Injiniya, a duba mana inda kogin ya bi, ai maƙwabcinmu ya same shi." Mutane da yawa sun yi imani cewa akwai wani kogi da ke gudana a ƙarƙashin unguwar, wanda ya yi sa'a ya faɗa kansa, wanda bai yi ba ya tashi a tutar babu. Wannan fahimtar tana cinye kuɗin jama'a, tana kuma taɓa lafiyarsu, shi ya sa na ga ya dace in yi bayani a matsayina na mai aikin binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Akwai wuraren da ake samun irin wannan kogin da gaske, amma yawanci inda dutsen farar ƙasa yake, irin wanda ake yin siminti da shi. Ruwan sama yana ɗauko ɗan tsami daga iska da kuma ƙasar da ya ratsa, tsamin nan yana narkar da dutsen sannu a hankali. Cikin dubban shekaru 'yar tsaga ta zama rami, rami ya zama kogo, har rafi ya nutse a wani wuri ya ɓullo a wani. Masana suna kiran irin wannan ƙasa kast, kuma a Sulobeniya aka fara nazarinta sosai. A Arewa muna da wannan dutse a Kalambaina kusa da Sakkwato, da Ashaka a jihar Gombe, inda masana'antun siminti suka zauna saboda shi.

Garin Bauchi kuwa a kan tsohon dutse mai tauri yake zaune, dangin duwatsun da muke gani a hanyar Dass, wanda ya kai kimanin shekara miliyan 600. Har akwai wani nau'insa da masana suka raɗa wa sunan Bauchi. Ruwan sama ba ya narkar da shi ya yi kogo. Abin da yake yi shi ne ya ruɓar da samansa.

Wanda ya taɓa tsayawa kusa da injin haƙa zai gane abin da nake nufi. Da farko jar ƙasa ke fitowa. Sai ruɓaɓɓen dutse, ruwan ƙasa-ƙasa, mai ƙyalƙyali, idan ka murza shi a tafin hannu ya wargaje. Daga nan ƙarar injin ta canza, farar ƙura ta turnuƙe wurin, an isa lafiyayyen dutse ke nan. Idan Allah ya sa an ci karo da tsaga, sai ƙurar ta koma taɓo, ruwa ya biyo baya. To ruwan Gwallameji a wurare biyun nan yake: cikin ruɓaɓɓen saman, wanda rijiyoyin gida ke sha daga gare shi, da cikin tsagogin dutsen da ke ƙasa. Tsaga kuwa siririya ce, tana iya bi ta gidan maƙwabcinka ta kauce wa naka da taku goma. Shi ya sa ƙara zurfi ba ya nufin ƙarin ruwa. Yawanci tsagogin suna raguwa ne idan aka yi ƙasa sosai, mai gida yana biyan kuɗin kowace mita, ƙura kawai yake saye. A yi awo kafin a kira masu haƙa. Awon ba ya ba da tabbaci ɗari bisa ɗari, amma yana nuna inda ruɓaɓɓen ya fi kauri da inda ake sa ran tsaga.

Abin da ya fi damuna ma ba asarar kuɗin ba ne. Akwai hali ɗaya da dutsenmu ya haɗa da ƙasar kast: ruwan da ke bi ta tsaga ba ya samun tacewa. Yashi da laka suna riƙe ƙwayoyin cuta idan ruwa ya daɗe yana ratsa su, tsaga kuwa tamkar bututu take, abin da ya shiga ta nan shi zai fita ta can. A watan Mayun 2000, a garin Walkerton na Kanada, ruwan sama ya wanko kashin shanu ya shigar da shi rijiyar gari ta tsagogin dutsen farar ƙasa. Mutum 7 suka mutu, fiye da 2,000 suka kwanta.

Yanzu dubi unguwarmu. Saboda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da harabar Yelwa ta Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, gidajen hayar ɗalibai sun cika ko'ina. Fili guda, ɗakuna jere, rijiya a wannan kusurwa, sokawe a waccan. Wani lokacin mai gida ya yi ƙoƙari ya nesanta nasa, amma sokawen maƙwabci yana jingine da katangar da rijiyarsa take. Tazarar da muke ba da shawara ita ce mita 30, alhali fili mai ƙafa 50 da 100 tsawonsa gaba ɗaya ke nan. Ka ga mutum ɗaya ba zai iya warware wannan shi kaɗai ba. Da damina, musamman a Agusta, ruwan ƙasa yana tasowa har ya kusa gindin masai, kuma ba mu manta da yadda amai da gudawa ya yi ɓarna a jihar Bauchi a 2021 ba.

Don haka kafin a haƙa sokawe ko rijiya, a zauna da maƙwabta, in da hali da mai unguwa, a tura ramukan ƙazanta gefe guda, ta ɓangaren gangare, rijiyoyi kuma ta tudu. Mai burtsatse ya tsaya da kansa ya ga an sa bututu har ya zauna kan lafiyayyen dutse, an kuma zuba siminti kewaye da shi daga sama, domin nan ne ake yawan yin ha'inci, ruwan kwata ya riƙa zurarewa ta jikin bututun. Rijiyar gida a ɗaga bakinta, a yi mata daɓe da murfi, guga kuma a rataye shi. Hasken ruwa ba shaidar tsabtarsa ba ce, sai a kai shi ɗakin gwaji, kuma a tsakiyar damina ya fi dacewa a ɗebi wanda za a gwada. Kafin sakamako ya fito, a tafasa na sha ko a sa masa maganin kulorin.