Maƙoƙo, Suga da Mai Juna Biyu

A jikin ɗan Adam akwai waɗansu ƙananan gaɓoɓi da aikinsu shi ne haɗa sinadarai su zuba su kai tsaye cikin jini. Likitoci na kiran waɗannan sinadarai homon. Su ne ke tsara girman yaro, da zafin jiki, da zuwan al'ada, da saukowar nono. In ɗaya ya yi yawa ko ya gaza, jiki sai ya rikice, kuma ba wanda abin ya fi yi wa ɓarna kamar mace mai ciki. Wahalar ita ce alamominsu sun yi kama da laulayi, don haka sai a yi ta cewa "ai ciki ne, ya gaji haka" har lokaci ya ƙure.

Mu fara da maƙoƙo, tun da kowa ya san shi. A gaban wuya, ƙasa da maƙogwaro, akwai wata gaɓa mai suna tairod. Ba ta iya aiki sai da sinadarin aidin, wanda jiki ba ya yin sa da kansa, sai dai a ci shi a abinci. In ta rasa, sai ta yi ta kumbura don ta tattaro ɗan abin da ke cikin jini. Kumburin nan shi ne maƙoƙo. Ba sammu ba ne, ba kuma gashi aka haɗiye ba. Ƙasar da ke nesa da teku sau da yawa ba ta da wadatar aidin, haka ma amfanin gonar da ta bayar. Rogon da ba a jiƙa an sarrafa sosai ba yana ƙara dagula lamarin.

To, ina ruwan mai ciki? Ruwanta babba ne. A watannin farko ɗan tayi ba shi da tairod mai aiki, da homon na uwarsa ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum na buƙatar maikirogiram 150 na aidin a yini, amma mai ciki da mai shayarwa 250. In uwa ta gaza ƙwarai, ana iya yin ɓari, ko a haifi ɗan ba rai, ko ya zo da kurumta da wadanci da raunin fahimta. Abin takaici, ɓarnar da aka yi wa ƙwaƙwalwa tun a ciki ba ta gyaruwa daga baya. Yaro ya kai makaranta karatu ya ƙi shiga, malam ya yi ta bulala, alhali laifin na tukunya ne.

Rigakafin kuwa araha gare shi. Tun 1993 Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci. Saura namu aikin. Uwargida ta sayi na leda wanda aka rubuta yana da aidin, ta bar wanda ake tarawa a faranti a buɗe yana shan rana a kasuwa. In ta kawo gida ta juye a gwangwani mai murfi, ta ajiye nesa da murhu, don zafi da laima na korar aidin. Ba cewa aka yi a ƙara yawan gishiri a miya ba. Wannan hawan jini yake jawowa.

Amma ba kowane ciwon tairod ne na rashin aidin ba. Wata tata gaɓar aiki take yi fiye da kima: tana ci tana rama, zuciya na bugawa fat-fat, ga zufa ko da sanyi ake, hannu na rawa, idanu sun firfito. Wata kuma akasin haka: kasala, jin sanyi, bushewar fata, taurin bayan gida. Gwajin jini ne ke rarrabewa. Wadda ke shan maganin tairod kada ta daina don ta sami ciki; ta gaya wa likita da wuri, domin sau da yawa sai an gyara mata adadin.

Sai suga. Mabiyiya na fitar da homon masu rage ƙarfin insulin, sinadarin da ke kwashe suga daga jini. Don haka macen da ba ta taɓa ciwon ba tana iya samunsa da ciki, ba tare da ta ji komai ba. Ana gwada shi tsakanin mako na 24 da na 28. In an bar shi, jariri kan yi ƙiba har ya wuce kilo 4, mutane na murna wai ƙato ne, ita kuwa ga doguwar naƙuda. Naƙudar da ta kwana ta yini ba a yi mata jiƙe-jiƙe, ba a kuma kiran wanzami yankan gishiri. Hanyar yoyon fitsari ke nan. Mota ake nema.

Duk waɗannan a wurin awo ake gano su. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya sau 8, na farko cikin makonni 12 na farko. Maigida, a ganina nan naka nauyin yake: ka ba da izini tun kafin a nema, ka tanadi kuɗin mota, ka san wanda zai ba da jini in buƙata ta taso. Kunyar cikin fari ba hujja ba ce ta ɓoye shi har wata shida.

Akwai kuma wani ciwo da ba a cika ambata ba, wanda wani likitan Ingila, Harold Sheehan, ya bayyana a 1937. In mace ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa, wata ƙaramar gaɓa da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, wadda ke jagorantar sauran, tana iya lalacewa. Sai nono ya ƙi zuwa, a yi arba'in, a yi watanni, har shekara ta zagayo al'ada ba ta dawo ba, gashin hammata ya zube, ga jiri da kasala. Irin wannan mai jego ba ƙarin kunun kanwa take buƙata ba. A kai ta babban asibiti, a kuma faɗa wa likita ƙarara cewa ta yi zubar jini a haihuwarta, ko da shekaru sun shuɗe, don da wannan labarin zai san gwajin da zai yi.